Ganyen da Da'u Ya Tarar a Gaba Ashirin

Da'u bai gaji komai a wurin ubansa ba sai dagi da igiya, da harshen da ya san ɗanɗanon ƙasa. A Toranke aka haife shi, wajen shekara saba'in kafin Turawa su shigo Kano, a gidan da bayan noma ba a san wata sana'a ba sai haƙar rijiya. Gajere ne kakkaura, irin jikin da rami ke so. Idan aka kira shi gari, ba ya taɓa dagi sai ya yi kwana uku yana zagaya dajin ba takalmi. Yana duba inda ɓaure da ɗinya suka ƙi zubar da ganye da bazara, yana fasa suri ya ga ko ƙasar da gara ta kwaso daga ƙasa da damshi. In ya fara haƙa kuwa, duk gaba guda sai ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Gaba ita ce ma'aunin mahaƙa, daga yatsan hannun dama zuwa na hagu in mutum ya ware hannuwansa.

Rijiya goma sha bakwai ya haƙa tsakanin Gaya da Ajingi, ba wadda ta ƙi ba da ruwa. Kada in ɓoye muku, abin ya shiga kansa. In ana hira aka ambaci wani mahaƙi, sai ka ga Da'u ya taɓe baki yana sakace haƙori. Ba mugun mutum ba ne, wallahi, yana da kyauta, amma bai san yadda ake cewa "ban sani ba" ba.

Da ƙuruciyarsa shi da ƙanensa Audi suka bi wani dattijo, Baba Tukur, suka sari daji gabas da Gafasa, wurin da aka riƙa kira Kukar Tukur. Kafin Da'u ya kai arba'in da biyar wurin ya zama gida goma sha huɗu, kuma auratayya ta ɗinke su, ba gidan da ba shi da jini a gidan maƙwabcinsa. Wani tafki suke sha, in ya ja baya su tona 'yan ramuka a cikinsa. Shi kansa Da'u bai taɓa gwada rijiya a nan ba, don ya sha faɗa da bakinsa cewa tudu ne, ruwansa na da nisa.

Sai aka jera damina uku ba ruwan kirki. A ta ukun, tafkin ya ƙafe tun ba a gama yankan dawa ba. Mata suka koma ɗaukar tulu zuwa Gafasa, su fita da sassafe su dawo rana ta take, ruwan tulun ya yi ɗumi kamar an ɗora a murhu. Awaki suka fara mutuwa.

Baba Tukur ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi neman mafita. Da ya dawo ya tara magidanta a gindin kuka, ya ce wani mai gari can wajen Balan ya nuna masa daji kusa da fadama, wanda zai ishi gida goma sha huɗu su zauna wuri guda. Amma da sharaɗi. Sai sun sare sun share kafin ruwan shuka ya sauka, don akwai mutanen da harin Ningawa ya taso daga kudu, su ma suna roƙon wurin. Wanda ruwan farko ya tarar da gatarinsa a dajin, shi ke da shi.

Ba mai son barin gonar da ya sara da hannunsa. Sai Da'u ya gyara murya.

"Baba, a ce ina raye mutanena su yi ƙaura saboda ruwa? Me za a ce da ni a Gaya? A ba ni kwana arba'in."

"Kai ka ce mana tudu ne," in ji Baba Tukur.

"Na ce da nisa, ban ce babu ba."

Aka lissafa aka ga ko bayan kwana arba'in akwai sauran lokacin sara. Aka ba shi. Ya zaɓi wuri kusa da wata tsohuwar kanya, aka yi sadakar gumba, ya soka dagi. Audi ne a bakin rami, shi ke riƙe da igiyar da yayansa ke sauka da ita, kamar yadda ya riƙe ta a rijiyoyi goma sha bakwai. Sauran maza suna jan kwandon ƙasa bi da bi.

Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, aka shiga yumɓu. Gaba goma, gaba goma sha biyar, harshen Da'u bai ji sanyin komai ba. Ya rage magana. In ya fito sai ya zauna ya zuba wa ramin ido, matarsa Sabuwa ta ajiye masa fura ta koma.

Ran kwana talatin da takwas da hantsi, a gaba ashirin, dagin ya daki wani abu mai launin toka, tauri kamar gasasshiyar tukunya, amma yana ɓarewa falle-falle. A can ƙasa haske kaɗan ne, don haka da yatsa ya fara jin abin. Zane ne a jikin dutsen, jijiya guda a tsakiya, ƙanana suna fita daga gefenta. Ya cika kwando, ya girgiza igiya. Bai daɗe ba ya ji muryar Audi tana gangarowa.

"Yaya! Yaya, fito ka ga ikon Allah!"

Da aka jawo shi ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko. Ganye ne kwance a jikin dutse, baƙi wuluk, kowace jijiya ta fito raɗau kamar jiya ya faɗo daga reshe. Ka ɓare falle ɗaya, ka tarar da wani a ƙarƙashinsa. Wata tsohuwa ta ja jikokinta baya tana neman tsari, tana cewa an faɗa wa mutanen ɓoye a lambu.

Sabuwa ungozoma ce, ba ganyen da ke dajin nan da ba ta san sunansa da maganinsa ba. Ta tsuguna tana jujjuya duwatsun.

"Wannan dai dangin ɓaure ne, ko a mafarki na gan shi zan gane. Wannan kamar kaba, amma ya fi kaba faɗi." Ta ɗauki wani mai 'yan haƙora a gefensa, ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki wani kuma siriri-siriri, kamar an jera allurai a jikin tsinke. "Maigida, waɗannan biyun ban san su ba. Ba na ƙasar nan ba ne."

Da'u bai ji ƙarshen maganarta ba, ɓaure kawai ya ji. Ga abin da ya sa. Duk mahaƙin da ya yi aiki a fadama ya san cewa in ka tarar da baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye, to ka shirya guga, ruwa na ƙarƙashin ƙafarka. Ubansa ya koya masa haka, shi ma ya gani da idonsa ba sau ɗaya ba. Ga ganye, ga shi baƙi, ga shi na itacen da ba ya rabuwa da ruwa. Ya ɗaga dutsen sama ya yi kabbara, mata suka ɗauki guɗa. Audi ya rungume shi yana dariya da hawaye.

Washegari wani tsohon bafatake mai suna Kabo ya biyo ta wurin, zai je ta'aziyya Gafasa. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana bin ayarin goro zuwa Gwanja, ya kuma shiga duwatsun kudu fataucin kanwa. Ya ga duwatsun an jera a kan tabarma, ya sauka daga jakinsa. Ya daɗe a tsugune. Da la'asar, da mutane suka watse salla, ya ja Da'u gefe.

"Ɗana, wannan mai faɗin na san irinsa. A kurmin hanyar Gwanja yake, inda zafi da ruwan sama ba sa ɗaukewa, inda in ka shanya riga sai ta yi funfuna. Wannan mai allurai kuwa, abin da ya fi kama da shi na gan shi sau ɗaya tak, a kan wani dutse mai tsawo inda sanyi ke sa bakin mutum hayaƙi. Tafiyar wata biyu ce tsakaninsu. Yaya aka yi suka kwanta a shimfiɗa ɗaya?"

"Ikon Allah, Baba."

"Ikon Allah ne, amma ba na jiya ba. A duniyar da muke ciki itatuwan nan ba sa haɗa inuwa. Dajin da ya zubar da wannan ganye ya shuɗe tun ba a san za a yi kakannin kakanninmu ba, watakila tun kafin ruwan Ɗufana. Shinshina ka ji. Ganyen fadama wari yake yi, wannan ya zama dutse. An yi ruwa a nan, ban musa ba. Amma ina tsoron ya daɗe da tafiya."

Da'u ya yi dariya, ya ce Baba Kabo ya san goro, shi kuma ya san ƙasa. Tsohon ya hau jakinsa ya yi masa addu'a ya wuce. Da ya ɓace, Da'u ya ɓalli ɗan dutsen ya ɗora a harshe. Busasshe ƙayau, ba sanyi, ba gishiri, kamar ka lashi sakaina. Ya tofar, ya waiga ya ga ba wanda ya gan shi.

A nan ne nake jin haushin Da'u, kuma a nan ne nake jin tausayinsa. Kwana arba'in suka cika, aka taru a gindin kuka, kowa fuska a sake. Abin da ya rage masa kawai ya buɗe baki ya faɗi abin da Kabo ya ce da abin da harshensa ya ji. Da sun yi ɓacin rai na yini ɗaya, su wasa gatura su kama hanyar Balan. Amma ya dubi fuskokin da shekaranjiya suka yi masa guɗa, sai ya dafa ƙirji.

"A ƙara min kwana ashirin. In ban ba ku ruwa ba, kada a sake kirana Da'u."

Wani magidanci ya kawo shawara mai kyau, ya ce a raba maza biyu, rabi su tafi sara, rabi su tsaya. Da'u ya ce rami mai gaba ashirin ba ya jawuwa da hannu kaɗan. Baba Tukur ya juya ga Audi, don an san shi da natsuwa.

"Kai fa, me ka gani?"

"Baba, shekara ashirin da biyar ina riƙe da igiyarsa," in ji Audi. "Yaya bai taɓa ganin abu a ƙasa ya faɗa min wani daban a sama ba. In ya ce akwai, akwai."

Da wannan maganar aka tsaya.

Gaba uku ya yi yana sarar ganye. Kwanduna suna fitowa cike da dajin da ba wanda ya taɓa shan inuwarsa, yara suna kwasa suna wasan kasuwa da shi. Daga nan ganyen ya ƙare, aka shiga farin rairayi mai tashi kamar gari. Iska ta yi ƙaranci a ƙasa, sai an zura reshe mai ganye ana ja ana saki kafin ya iya numfashi. Kwana ashirin suka cika, ya roƙi goma. Goman suka cika, bai ma roƙa ba, ya dai sauka, su kuma suka ja, don sun riga sun zuba ƙarfinsu da yawa a ramin. Gabas ta fara haɗa hadari da maraice. Baba Tukur yana fitowa ya dubi sama ya koma zaure.

A gaba ashirin da tara dagin ya daki fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ya yi tartsatsin wuta. Da'u ya durƙusa yana lalube ko da tsaga. Sai ya ji sanyi ya ɗiga masa a wuya, ya ji wani a gadon baya. Ya miƙe zumbur ya kwarara ihu.

"Ruwa! Audi, ruwa!"

Ba wanda ya amsa. Ya ɗaga kai, ya ga ɗan hasken bakin ramin ya yi duhu, sannan ya ji rugugin tsawa. Ruwan shuka ne ya sauka.

Aka tura mutum biyu Balan tun ƙasa ba ta sha iska ba. Suka tarar da baƙi sun share dajin har sun kafa bukkoki, matansu na bin layi suna zuba iri. Mai garin ya ba su haƙuri, ya ce ya jira har ya gaji. Ba su ga laifinsa ba.

Suka yi shuka a gida, don ba yadda za su yi. Tafkin ya tara ɗan ruwa, ya kuma ƙafe da wuri kamar bara. Baba Tukur ya sake yawo, amma ba mai garin da ke da wurin gida goma sha huɗu. Wannan ya ce zai ɗauki biyu, wancan ya ce ɗaya. Tsohon ya dawo ya kwanta, bai ga ƙarshen kakar ba. Bayan sadakar arba'in ɗinsa aka fara kwance danni ana ɗaure kaya. Uwa ta yi yamma wajen Wudil, 'yarta ta bi miji arewa. Mutanen da ba su taɓa yin salla a rabe ba suka riƙa rabuwa a mararraba, mata suna kuka har jakuna su yi nisa. Duk da haka ba wanda ya zagi Da'u. Cewa suke ƙaddara ce, mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Sai Audi ya je kasuwar Gaya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ya haɗu da Kabo. Tsohon ya yi masa jaje, ya ce da zuciya ɗaya, "Allah sarki, ai tun ran nan na gaya wa yayanka ganyen nan ba na ruwan yanzu ba ne."

Audi ya dawo ya sami Da'u a ƙofar gida yana gyaran igiya. Bai zauna ba.

"Yaya, Baba Kabo ya yi maka magana kafin ranar gindin kuka?"

"Ya yi."

"Ka ɗanɗana dutsen?"

Da'u ya sunkuyar da kai. "Na ɗanɗana."

"Ka bar ni na tsaya gaban mutane na ba da shaida a kanka."

Audi bai gaya wa kowa ba. Da gari ya waye ya ɗora matarsa da goyonta a jaki ya yi gabas, bai yi sallama da gidan yayansa ba.

Al'adar mahaƙa ce, wanda ya haƙa busasshiyar rijiya shi zai cike ta, kada yaro ko dabba su faɗa. Da'u da Sabuwa su ne na ƙarshe a Kukar Tukur. Wata bakwai yana mayar da ƙasar da maza goma sha huɗu suka jawo, kwando bayan kwando, ita tana zuwa Gafasa ɗebo musu ruwan sha. Duwatsun ganyen ma ya tattara ya zuba, har waɗanda yara suka bari a kangon gidaje. Sabuwa ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi cin sa ke nan. Suka koma Toranke, ta yi shekara uku ta rasu.

Bai sake fara sabuwar rijiya ba. Ya koma yasar rijiyoyin mutane, aikin da a da yake rainawa, yana kwashe laka da ɓatattun gugaye a ba shi hatsi. Aikin ya ba shi dalilin yawo, kuma duk inda ya ji akwai mutumin Kukar Tukur sai ya je. Ta bakinsa uwa ke jin 'yarta ta haihu, ta bakinsa ake jin wane ya rasu. Gida goma sha biyu ya gano. Ko'ina ya sauka tambayarsa ɗaya, ko an ga wani dogo mai tabon igiya a tafin hannu, ana ce masa Audi.

Sai a shekara ta goma sha shida wani mai tallan kifi ya kwatanta masa wani ƙauye can gabas, kan iyakar ƙasar Hadeja. Lokacin Da'u ya haura sittin, bayansa ya ranƙwafa. Kwana biyar ya yi a hanya, yana ta shirya abin da zai faɗa yana rushewa. Aka nuna masa gidan, ya yi sallama. Wata matashiyar mata ta leƙo da jariri a baya, doguwa, goshinta sak na uwarsu. Ya tambayi maigidan da ake kira Audi.

"Allah sarki, Baba, ka makara. Mahaifina ne, bara da rani Allah ya yi masa cikawa. Ni ce Hanne, 'yarsa. Zauna in kawo maka ruwa."

Ya zauna a kan dakali. Ta kawo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu.

"'Yata, ya taɓa ba ku labarin inda kuka fito?"

"Ya ce wani ƙauye ne wajen Gafasa, babu shi yanzu. Wai wani mahaƙi ne ya riƙe su da ƙarya har gari ya watse. Bai taɓa faɗin sunansa ba."

"Danginsa fa? Bai bar wasiyyar a nemi kowa ba?"

"Na tambaye shi yana kwance, na ce Baba, ba wanda za a aika wa? Ya ce min shi kaɗai uwarsa ta haifa." Ta gyara goyonta. "Kai a ina ka san shi, Baba?"

Da'u ya shanye ruwan, ya miƙa mata ƙwaryar. Ya daɗe yana kallon jaririn.

"Mun taɓa aiki tare," ya ce. "Mutumin kirki ne. Bai taɓa sakin igiya ba."

Ya yi wa mamacin addu'a, ya sa wa yaron albarka, ya ɗauki sandarsa. Ta bi shi da kira, ta ce ya tsaya a sauke tuwo, ya faɗa mata ko wa za ta ce ya zo. Ya ɗaga mata hannu bai waigo ba.